Jajin da Ta Kwanta Kamar Gawa

Duk macen da ta mutu a Kalgo a wancan zamani, tsohuwa Jummai ce ke wanke ta. Babu wanda ya naɗa ta, babu kuma wanda ya taɓa tambayarta inda ta koya. Da an ji kuka ya tashi a wani gida, sai ka hango ta tafe da ƙwaryarta da ƙunshin ganyen magarya. Ta shiga ɗaki ta saki asabari, mata su riƙa miƙa mata ruwa daga bakin ƙofa, kowace ta kau da kai. Haka garin ya saba, har ya manta cewa ita ma Jummai mutum ce. Ranar da ta mutu kuwa, sai aka tsaya ana kallon juna.

Aka ce ai ba komai, ga Indo. Indo ita ce jaji, wato shugabar matan da ke taruwa don karatu, mai sa malfar nan da aka ɗaura wa jan ƙyalle. Kowace Alhamis tsakar gidanta cike take da 'yanmata da zawarawa da tsofaffi, suna rera waƙoƙin tsarki da na salla da na gawa. In suka ɗauki amshi, har masunta a bakin gulbi suna ji. Waƙar wankan gawa kam babu wadda ba ta haddace ba, wadda ta fi kowa iyawa kuwa ita ce Binta, jikar mamaciyar, wata ƙaramar bazawara mai zaƙin murya.

Indo ta shiga ɗakin, Binta na biye da ita, da wasu ɗalibanta manya. Binta ta fara waƙar ƙasa-ƙasa don su bi ta. Waƙa ta ce a matsa ciki a hankali, amma ba ta faɗi inda za a sa hannu ba. Waƙa ta ce a juya mamaci, amma ba ta faɗi yadda ake juya mutumin da ba zai taimake ka ba, ba tare da mayafinsa ya zame ba. Suka ciccibe ta gaba ɗaya, mayafi ya yi gefe, kan tsohuwa ya koma baya ya bugi bakin gado. Binta ta ƙwalla ƙara ta saki kakarta. Aka juya ana duban Indo, ita kuwa Indo ta tsaya hannu a sake. Shekara da shekaru tana koyar da waƙar nan, amma hannunta bai taɓa taɓa gawa ba.

Maza na waje da makara, rana tana dukansu. A ƙarshe sai da aka tura kwalekwale ƙetaren gulbi aka ɗauko wata tsohuwa daga tungar masunta. Ta zo ta yi aikin, ta fito tana goge hannu, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Garin ga duk murya na, babu hannu." Matar da ta wanke rabin matan Kalgo, ba a kai ta makwanci ba sai bayan la'asar.

To mu mutanen Kalgo Allah ya yi mu da iya neman mai laifi, kuma ba ma tashi nema sai wurin wanda ba zai rama ba. Kafin a gama zaman makoki an ɗora wa Binta komai. Wai kanta ba ya ja, wai 'yanmatan yanzu ba su da zuciya, wai mace ko ta shekara tana karatu kan nan nata ƙwarya ce mai yoyo. Babu wanda ya tuna cewa a da, kowace kaka, bayan girbi, jajin Kalgo takan ɗauki hanya zuwa Gwandu, ta zauna gaban malamar can a gyara mata karatu kafin ta dawo ta koyar. Shekarar da Nasara suka shigo ƙasar, maza suka ce hanya ba lafiya, a dakata. Hanya ta yi lafiya, dakatawa ta zama ɗabi'a. Uwar Indo, jajin wancan lokaci, ta mutu ta bar mata malfa da waƙoƙi, ita kuma ta ba yara abin da aka ba ta, ba daɗi ba ragi.

Liman Lawali ƙanen Indo ne, ciki ɗaya. Shi ya zo har gida ya same ta, ya tsaya a bakin zaure ko zama bai yi ba.

"Yaya, taron ga naku a bar shi hakanan. Yaran ga ba su ɗauka. Kowace ta koma gida, mijinta ko ubanta shi koya mata abin da za ta yi salla."

Indo ta ce, "Wa yah hwaɗa maka ba su ɗauka? Abin da nib ba su, sun ɗauke shi duka, ko baiti guda bai zube ba. Abin da ban ba su ba shi na sunka rasa."

"To ki ba su mana."

"Ba ni da shi. Gwandu za ni."

Lawali ya dube ta, ga furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin kallabi. "Da girmanki? Damina ta taho, wa za shi duba miki shinkahwa? In kin hita garin ga, ni kau na ruhe taro."

"Lawali," in ji ta, kuma rabon da ta kira shi da sunansa tun kafin a ba shi limanci, "na goya ka, kashinka na wanke. Ruhe abin da kake so. In na komo na buɗe."

Ta bi fataken busasshen kifi, jakuna a gaba tana biye da ƙafa, cikin zafin bazara. Ta isa Gwandu ƙafafu a kumbure, malfa a ka, da ɗan kwandon kifin banda na gaisuwa. Aka nuna mata gidan Modibbo Halima, malamar da jajojin ƙauyuka ke zuwa wurinta. Indo ta zaci za ta ga tsohuwa tukuf, sai ta tarar da wata siririyar Bafillatana da ko shekarunta ba ta kai ba. Wannan ya ɗan sosa mata rai, amma ta durƙusa.

"Allah shi gahwarta Modibbo, daga Kalgo nike."

"Kalgo? Mun ɗauka jajinku ta ƙare. Ina ɗalibanki?"

"Ban zo da kowa ba. Ni ta ɗalibar."

Ta ba da labarin Jummai, ba ta rage komai ba. Modibbo ta ce ta rera waƙar a ji. Indo ta gyara zama ta rera daga farko har ƙarshe, kuma gaskiya ta rera da kyau. Modibbo ta ce murya ta yi daɗi, sannan ta nuna mata wasu 'yanmatan Fulani a gindin bishiya, waɗanda ke kawo nono daga rugagen wajen Masama su tsaya karatu kafin su koma. Ta ce, "Je ki koya musu."

Yaran nan Hausarsu ba ta wuce ta tallan nono ba. Indo ta tsaya gabansu ta ɗaga murya, su kuwa suka ji daɗi, suka fara tafi, wata har da gyaɗa kai duwatsun wuyanta na kaɗawa. Ta sake rerawa da ƙarfi, kamar ƙarfin murya ne zai mai da Hausa Fillanci. Suka ƙara tafi. Indo ta dawo gumi sharkaf, ranta a ɓace.

"Allah shi gahwarta Modibbo, wulaƙanci kika nuhwa? Yaran ga ba su jin abin da nike hwaɗi."

"Naki na Kalgo sun ji, mi yaz zame? Cire malhwar ga, ki kwanta."

"In kwanta?"

"Ke ta gawa yau."

Indo ta yi kamar ta ɗauki kwandonta ta kama hanya. Sai ta tuna ƙarar kan Jummai a bakin gado. Ta cire malfa, Modibbo ta rataye ta a turken rumfa. Ta kwanta a tabarma aka lulluɓe ta, aka ce ta saki jiki, kada ta taimaki kowa. Nan ta ji abin da waƙa ba ta taɓa faɗa mata ba. Ta ji yadda hannu guda ke tallafe ƙeya kafin a ɗaga kafaɗa. Ta ji yadda ake naɗe gwiwa ɗaya a kan ɗaya, sai jiki ya juyo da kansa ba tare da an yi dambe da shi ba. Ta ji wata tana riƙe da bakin mayafi tun daga farko har ƙarshe, ba ta da wani aiki sai wannan. Da wata sabuwar ɗaliba ta danna mata ciki da ƙarfi, Indo ta manta gawa ce ita ta ce, "Kai! Za ki kashe ni!" Aka bushe da dariya, har Modibbo.

Daga nan aka sa ta ita ma ta yi wa wasu, har hannunta ya faɗa. Da aka yi rasuwa a unguwar, Modibbo ta tafi da ita, ta sa ta ta yi da gaske tana tsaye a kanta. Sannan ta mai da ita wurin yaran nono. Wannan karon Indo ba ta buɗe baki ba. Ta kwantar da ɗaya, ta kama hannun ɗaya ta ɗora inda ya kamata. Modibbo takan zauna gefe tana jan tasbaha, ba ta duban Indo ko kaɗan, hannun yaran kawai take kallo. In yarinya ta yi kuskure, Indo take yi wa faɗa.

Rannan Indo ta gaji ta ce, "Yarinya tay yi kuskure, ni za a yi ma hwaɗa?"

"To wa? Ita nono tak kawo, ke kinka zo da malhwa."

Haka aka bi ta da alwala da taimama da gyaran salla in an yi mantuwa. Waƙa ba a yar da ita ba, amma sai hannu ya iya sannan baki ya rera. Damina ta shiga ta fita. Da aka fara yankan gero, Modibbo ta sauko da malfar daga turke, ta karkaɗe ta, ta ɗora wa Indo da hannunta. Ta ce kowace kaka tana jiran ta, kuma kada ta sake zuwa ita kaɗai.

Indo ta dawo Kalgo ta tarar an rufe taro kamar yadda aka yi alkawari. Shinkafarta dai ba ta lalace ba, domin Albarka matar Liman ta riƙa zagayawa tana cire mata ciyawa ba da sanin mijinta ba. Ko hutawa Indo ba ta yi ba, ta nufi gidan su Binta. Ta same ta a gaban murhun banda tana juya kifi, ta rame, tun ranar nan ba wanda ya sake jin muryarta a waƙa.

"Alhamis ki taho."

"Gwaggo, ki ƙyale ni. Kowa ya san kaina ba ya ja."

"Ƙarya suka yi. Ni nit tura ki cikin gulbi ban koya miki iyo ba. Ki taho, in kin sake kasawa, ni za ni cire malhwar ga in sa ta cikin murhun ga naki."

Ranar Alhamis mata suka cika gidan, wasu don karatu, yawanci don gulma. Indo ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye ƙwarya da ganyen magarya, ta ce wa za ta kwanta. Mata suka ja da baya. Kowa a Kalgo ya tashi da jin cewa mai rai ba ya kwanciyar gawa, wanda ya yi kuwa ya kira mutuwa da kansa. Wata uwa ta finciki hannun 'yarta suka fita. Indo ta ce to madalla, ta kwanta da kanta, ta ja mayafi har ka, ta yi magana daga ƙarƙashinsa: "Binta, hannun hagu ƙarƙashin ƙeya. Ban ce ki yi waƙa ba."

Kafin azahar labari ya kai bakin gulbi, wai jaji ta je Gwandu ta dawo da taɓin hankali. Iyaye suka janye 'ya'yansu, taron da ke cika gida ya koma ana iya zama a tabarma biyu. Liman ya aiko a gaya mata wannan wasa da mutuwa ne, ta bari. Ta ce wa ɗan aiken ya gaya masa wasa da mutuwa shi ne a bar gawa a ɗaki har la'asar.

Haka ta yi ta kwanciya kowace Alhamis, har bayanta ya riƙe, domin hannun mai koyo ba ya da tausayi. Wata ranar ta kasa miƙewa sai da aka ɗaga ta. A ranar ne Albarka, wadda takan shigo wai ta zo aron turmi, ta ajiye turmin ta ce, "Yaya, tashi hakanan. Ni in kwanta."

"Malam za shi ji."

"Shi ji. In na mutu shi za shi wanke ni?"

Albarka mace ce mai jiki, kuma kafaɗarta ta dama ta goce tun tana yarinya, ba ta ɗaguwa sosai. Duk wadda ta ja hannun da ƙarfi sai ta sha zagi daga ƙarƙashin mayafi. Binta ce ta fara gano yadda za a tallafo gwiwar hannun a juya ta ba tare da ta ji zafi ba. Albarka ta yaye mayafi ta ce, "Wagga ɗiya hannunta kamar auduga." Ranar Binta ta yi murmushi, na farko tun rasuwar kakarta.

Da ruwan wata daminar ya sauka gulbi ya cika, zazzaɓi ya shigo gari. Ya kama Albarka, bai sake ta ba. Ta cika da hantsi.

Abin da gari ke jira ke nan. Ba su ma bari an rufe mata ido ba suka fara, ai mun faɗa, ai ga shi nan. Indo ta ji, ta ɗaura malfarta, ta ɗauki ƙwarya ta miƙa wa Binta, suka ratsa tsakiyar gari ana binsu da ido. Zuciyarta kamar ta fashe, domin Albarka ba matar ƙane kaɗai ba ce gare ta, ita ce abokiyar shawararta. Suka tarar da Lawali a ƙofar gida, idanunsa jajur.

"Kin ji daɗi, Yaya? Ke kinka kwantar da ita. Ke kinka kira mata."

Maza suka sunkuyar da kai. Indo ta ce, "Kai na liman. Kai ka hawa mumbari kana hwaɗa muna kowa da ranarshi. Dubi idona ka ce ni nik kira mata, in koma gida."

Lawali ya kau da kai. Ya san ba haka ba ne, baƙin ciki ne kawai ke neman inda zai sauka. Ya juya ya ce a tura kwalekwale ƙetare. Wani tsohon masunci mai suna Isa ya ce gulbi ya yi ƙarfi, kafin a je a dawo sai gobe. Lawali ya juyo ga yayarsa.

"Ta bar wasiyya. Ta ce Binta ta wanke ta. Ta ce ita tas san kahwaɗarta." Ya matso kusa da Indo. "Amma ke ki shiga da ita, Yaya. Ki tsaya kanta."

"Ba ni shiga."

"Yaya!"

"Kun ce yaran ga ba su ɗauka. In na shiga, gobe ku ce ni niy yi. Nan za ni zauna, inda kowa ka ganina."

Ta zauna a kan turmi a bakin ƙofar ɗakin. Binta ta dube ta, tsoro ya bayyana a fuskarta. Indo ta gyaɗa mata kai. Binta ta shiga da ɗalibai biyu, aka saki asabari.

Babu wanda ya san abin da zaman nan ya ci wa Indo. Kunnenta na kan ɗakin, tana jiran ƙarar nan da ta taɓa ji. Ba ta ji ba. Sai zubar ruwa a hankali, da muryar Binta ƙasa-ƙasa tana cewa, "Riƙe mayahi. Tallaho gwiwar hannun, kada ki ja." Da ta ji wannan sai hawaye suka zubo mata, ta bar su suna zuba.

Rana ba ta kai tsaka ba Binta ta ɗaga asabari, ƙamshin magarya da kafur ya biyo ta. Ta durƙusa ta ce, "Allah shi gahwarta Liman, an shirya ta." Lawali ya shiga ya ga matarsa cikin likkafani, an naɗe ta tsaf kamar mai barci. Ya fito bai dubi kowa ba. Aka kai Albarka kafin azahar.

Kada ka zaci gari ya tuba. Wasu suka ce to an iya wanka, amma ai ga wadda ta kwanta ta tafi. Lawali bai zo ya ba yayarsa haƙuri ba, bai kuma sake aikowa a rufe taro ba.

Alhamis ta zagayo. Indo ta share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarmar da Albarka ke kwanciya a kai. Tsofaffin ɗalibanta suka zo, sai ga wasu iyaye sun rako 'ya'yansu, suka tsaya daga bakin zaure ba su shigo ba ba su tafi ba. Kowa ya zuba wa tabarmar ido. Indo ta cire malfa, ta dafa ƙugunta mai ciwo, ta fara durƙusawa.

Binta ta riƙe mata hannu. "Mai da malhwarki, Gwaggo. Ki tsaya ki dubi hannun yaran."

Ta kwanta daidai inda Albarka ke kwanciya, ta ja mayafi har ka. Daga ƙarƙashinsa ta ce wa ƙaramarsu ta matso, ta sa hannun hagu ƙarƙashin ƙeya.